*ƘULLUTU A MAMA: A FARA ƊAUKAR HOTO KAFIN A JIƘA SASSAƘE*



 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

Saƙon yau babu haɗin magani a cikinsa, don haka kada kowa ya ɗauko turmi. Magana ce guda ɗaya zan faɗa muku, na san kuma wasu abokan sana'ata ba za su ji daɗinta ba. Duk macen da ta ji ƙullutu a mamanta, kada a shafa mata komai, kada a tsaga, kada a kafa ƙaho, kada a yi sakiya, sai an kai ta asibiti an ɗauki hoto an san mene ne. Ni da nake faɗin haka da sassaƙe da saiwa na tsufa, kuma ban daina ba. Sai dai kowane magani yana da ƙofarsa, ƙofar wannan ciwo kuwa hoto ne.

*Girman matsalar*

Sankarar mama, wadda wasu ke kira ciwon daji, wasu kansa, ita ce sankarar da ta fi kama mata a Najeriya. Ƙididdigar cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu a ƙasar nan, sama da 16,000 suka rasu. Ku raba wannan da kwanakin shekara. Kullum ta Allah mata fiye da 40 ake kaiwa makwanci saboda ita.

A ƙasashen da suka ci gaba, cikin mata 100 da aka gano suna da ciwon, fiye da 90 suna raye bayan shekara 5. Wani bincike da aka bi mata a ƙasashen Afirka guda biyar, aka fitar a 2020, ya gano cewa a cikin matan Najeriya da aka bi, 36 kacal cikin 100 ne ke raye bayan shekara 3. Ajali dai na Allah ne, babu mai musu. Amma ta fuskar sababi, babban bambancin shi ne lokacin da ake zuwa. Su suna zuwa ƙullutu bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Namu kuwa sai ya fashe yana ruwa, an ƙare da turare a ɗaki ana ɓoye wari.

Mu mutanen Birnin Gwari ba sai an fassara mana abin da ya sa ake ce masa ciwon daji ba. Mun ga yadda abu ya fara da satar shanu nan da can, aka ce ƙaramin abu ne, aka bar shi ya yi saiwa a dajin Kamuku, har ya kai noma ya gagara, hanya ta gagara. Haka ciwon nan yake. Yana farawa a wuri ɗaya, ba zafi ba zazzaɓi. In aka bar shi sai ya bi ta hammata, ya shiga ƙashi, ya shiga huhu da hanta. A matakin farko ana cire shi a warke da izinin Allah. A mataki na huɗu sai dai lallaɓawa.

*Abin da magabatanmu suka ce*

Wani zai ce Malam ya koma yaron likitoci. To bari mu koma gidanmu. Abul Ƙasim Azzahrawi, babban likitan fiɗa na Andalus wanda ya rasu wajen shekara ta 1013 miladiyya, ya yi bayanin wannan ciwo a littafinsa Attasrif. Abin da ya nuna shi ne, idan ciwon yana farkonsa kuma yana wurin da za a iya tumɓuke shi gaba ɗaya, kamar mama ko cinya, a cire shi. Idan kuwa ya daɗe ya girma, shi da kansa ya faɗa cewa bai taɓa warkar da irinsa ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ma a kan gaggawar cirewa tun yana ƙarami ya tsaya.

Kun ga ke nan shekara dubu da suka wuce malaman ɗibbu na Musulunci sun riga sun gane cewa sirrin abin a kama shi da wuri ne. Abin da ba su da shi shi ne idon da zai leƙa cikin tsoka. Da hannu kawai suke laluba. Yanzu Allah ya hore wannan idon. Da Azzahrawi zai dawo ya ga na'urar da ke nuna ƙullutu tun kafin yatsa ya ji shi, wallahi da hamdala zai yi.

Hadisan neman magani kuwa kowa ya san su. Ku lura da abu guda a cikinsu: an rataya waraka, bayan izinin Allah, ga dacewar magani da cutar. To ta yaya magani zai dace da cutar da ba a san ta ba? Malaman fiƙihu kuma sun tabbatar cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba da sani ba, ya jawo ɓarna, akwai lamuni a kansa. Wannan hukunci ya hau kan mai farar riga, ya hau kan mai jakar sassaƙe.

*Hotunan nan, mene ne su?*

Iri biyu ne aka fi yi, sannan gwaji na uku da yake yanke hukunci.

1. *Sikanin.* Irin wanda ake yi wa masu juna biyu, matanmu sun san shi. Da sauti yake aiki, babu zafi, babu illa ko ga mai ciki ko mai shayarwa. Yana bambance ƙullutun da ruwa ne a cikinsa da wanda tsoka ce. Shi aka fi farawa da shi ga matan da ba su kai 40 ba, domin mamansu a cike yake, ɗayan hoton ba ya ratsa shi sosai. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, saboda a ƙasar nan ciwon yana yawan kama mata 'yan shekara arba'in da wani abu, har da waɗanda ba su kai ba.

2. *Mamogiram.* Wannan ɗan'uwan hoton ƙashi ne, wanda wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano haskensa a 1895. Ana danne maman tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙoƙi a ɗauka. Akwai ɗan matsi, amma ba ya daɗewa. Amfaninsa shi ne yana iya nuna ciwon tun hannu bai kai ga jinsa ba. An fi yi wa mata daga shekara 40 zuwa sama. Masu tsoron cewa hasken zai ƙona jiki, ku kwantar da hankali. Adadinsa bai wuce abin da jikin mutum ke ɗauka daga ƙasa da sararin sama a cikin kamar mako bakwai na zaman duniya ba.

3. *Gwajin tsoka.* Idan hoto ya nuna abin zargi, sai a sa allura a ɗebo ɗan mitsitsin tsoka a duba a ɗakin gwaji. Shi kaɗai ne zai ce sankara ce ko ba ita ba. Maganar da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon sai ya harzuƙa ya bazu, ba ta da tushe. Abin da ke baza shi jinkiri ne.

Ga albishir kuma: mafi yawan ƙullutun da ake samu a mama ba sankara ba ne. Wani ruwa ne ya taru, wani tsiro ne mara cutarwa da ake yawan gani ga 'yan mata, wani toshewar nono ne ga mai shayarwa. Sau da yawa hoto yana zama sanadin samun barci ga matar da ta yi wata shida tana kuka a ɓoye. Amma babu wani mai magani, komai tsufansa a sana'a, da zai taɓa da hannu ya rantse cewa wannan mai lafiya ne. Duk wanda ya ce maka ya iya, kama hannun matarka ku fita.

*Me bincike ya nuna?*

A ƙasar Suwidin an fara wani bincike a 1977 da mata sama da 130,000. An gayyaci kashi ɗaya suna zuwa hoton mamogiram a kai a kai, aka bar ɗaya kashin. Da aka bi su shekara da shekaru, sai aka ga mutuwa ta dalilin ciwon ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a cikin waɗanda aka gayyata. A 2023, a wannan ƙasa dai, an gwada sa kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ta taya likitoci karanta hotunan mata sama da 80,000, aka ga ana kama ciwon fiye da da, da kusan kashi 20 cikin 100.

Za ku ce wannan ai zancen masu kuɗi ne, ina mu ina Suwidin. To ga wanda ya fi kama da mu. A birnin Mumbai na Indiya, a unguwannin talakawa, an koya wa mata ma'aikatan lafiya, masu ilimin da bai wuce sakandare ba, yadda ake duba mama da hannu bisa ƙa'ida. Suka riƙa duba mata duk bayan shekara biyu, wadda aka ji wani abu a jikinta a tura ta asibiti. Mata sama da 150,000 aka bi tsawon shekara 20. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ana kama ciwon da wuri, kuma a cikin matan da suka kai 50 zuwa sama mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan abu ne da za a iya yi a Kuyello, a Randagi, a Dogon Dawa, a Kakangi. Ina kira ga hukumomin lafiya na jiha da ƙaramar hukuma, da masu wakiltarmu, su horar da matan da ke aiki a ƙananan asibitocinmu a kan wannan, su kuma sauƙaƙa wa wadda aka tura hanyar zuwa wurin hoto.

Akwai kuma binciken da ya shafe mu kai tsaye, mu masu maganin gargajiya. A Amurka, a 2018, an kwatanta masu sankarar mama da suka ƙi maganin asibiti suka tsaya ga na gargajiya kaɗai, da waɗanda suka karɓi na asibiti. Haɗarin mutuwar na farko ya ninka na biyun fiye da sau biyar. Magana ce mai ɗaci, amma ɓoye ta cin amana ne.

*"Ai wance ta je asibiti, aka yanke, ta mutu"*

Ina jin wannan kullum. Ku tambaya da kyau: yaushe ta je? Za ku tarar ta shekara ɗaya ko biyu ana zagaye da ita, daga mai tsaga zuwa mai turare, daga mai lasifika a kasuwa zuwa mai cewa jifa ne kishiya ta yi. Sai da komai ya lalace aka ɗauke ta ranga-ranga. Ita ce za a ba da labarinta. Wadda ta je da wuri aka yi mata aiki ta warke, tana nan cikinku tana daka da girki, ba ta faɗa wa kowa ba saboda kunya.

Sihiri gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne, ruƙiyya kuma sunna ce. A yi tofi, a yi addu'a, a yi sadaka. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ya hana a hau mota a je a ɗauki hoto a wannan makon. Wanda ya daure raƙuminsa bai fita daga tawakkali ba. Kuma ku ji tsoron Allah game da ɗora wa kishiya ko maƙwabciya laifin abin da ba ku da hujja a kansa. Gidaje nawa wannan zato ya rusa, ciwon kuma yana can yana cin jiki.

*Maganar tsiraici*

Wannan ita ce ke tsayar da magidanta da yawa, kuma kishi ne mai kyau in an ajiye shi a muhallinsa. Malamai sun daɗe da warware ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jera abin kamar haka: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya ko da ba Musulma ba ce, in babu sai namiji Musulmi amintacce, in babu sai wanda aka samu. A buɗe iya wurin da ake buƙata, kuma miji ko muharrami ko wata amintacciyar mace tana wurin. To Alhaji, ka je da ita da ƙafarka, ka roƙi a ba ku mace, sau da yawa ana samu. In ba a samu ba, larura ce, shari'a ta ba da dama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In kuma muna son matsalar ta ƙare, mu bar 'ya'yanmu mata su karanci aikin likita da jinya.

*Gare ka, maigida*

Ka san abin da ya sa matarka take ɓoyewa? Tsoro take kada a cire mama ka juya mata baya, ko ka ƙaro aure tana kwance. Matar da ta shayar maka da 'ya'ya bakwai da wannan gaɓa, yau gaɓar ta kamu, sai kai ne farkon wanda take tsoro. Ka kira ta yau ka ce mata, duk ranar da kika ji wani abu a jikinki ki faɗa mini, ina tare da ke. Haka mahaifiyarka, ka sa 'yar'uwarka ko matarka ta tambaye ta, don ba za ta iya faɗa maka da bakinta ba. In an kama da wuri, wani lokaci ƙullutun kaɗai ake cirewa a bar maman. In ma an cire gaba ɗaya, uwar 'ya'yanka da rai ta fi maka komai.

Batun kuɗi na san akwai shi, musamman bayan shekarun da muka yi ba noma. Amma buhun masarar da za ka sayar a yi hoto yau, in ka jinkirta, gona za ka sayar gobe kuma ba lalle ta isa ba. 'Yan'uwa su haɗa hannu, masu zakka su tuna da irin waɗannan. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu sankara marasa ƙarfi, sankarar mama tana ciki, kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya yana cikin wuraren da aka fara shi. Ku tambaya a ofishin jin daɗin marasa lafiya.

A da muna da uzurin hanya. Shekaru aka yi mutum ba ya bin hanyar Kaduna ko ta Funtuwa sai da rakiya da wasiyya. Bayan sulhun ƙarshen 2024, da aka sake buɗe kasuwar kara, motoci suka koma tafiya, Allah ya dawwamar da zaman lafiya. Ku fara da babban asibitinmu na Jibril Mai Gwari. In abin na gaba ne, su rubuta muku takarda zuwa Barau Dikko a Kaduna ko Shika. A fita da sassafe, a riƙe takardun da kyau, kada a bar hoto ya jiƙe ko ya ɓace.

*Gare ki, uwargida*

Ki mayar da duba jikinki al'ada sau ɗaya a wata. Lokaci mafi sauƙin tunawa shi ne ranar wankan tsarki bayan al'ada ta ɗauke, lokacin mama ya saki. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi ranar ganin wata. Ki sa tafin yatsu uku ki bi ko'ina a hankali har cikin hammata. Ki faɗa nan take in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

• ƙullutu mai tauri, ko da ba ya ciwo, rashin ciwon ma shi ne abin tsoro
• kan mama ya lotsa ciki alhali da ba haka yake ba
• jini ko ruwa yana fita ba a matsa ba
• fata ta yi ramuka kamar ɓawon lemu, ko ta yi ja ta yi kauri
• kaluluwa a hammata da ta ƙi tafiya
• gyambo ko ƙaiƙayi a kan mama da ya ƙi warkewa

Mai shayarwa, in mama ya kumbura aka ba ki magani a asibiti, bayan mako ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, ki koma ki nemi sikanin. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yin ciwon, ta gaya wa likita tun ba ta ji komai ba. Ranar zuwa mamogiram kada a shafa hoda ko turaren hammata, suna ɓata hoto. Maza ma ku sani, kusan ɗaya cikin 100 na masu wannan ciwo namiji ne.

*To ina amfanin namu maganin?*

Yana nan. Shayarwa mai tsawo da addini ya kwaɗaitar, bincike ya tabbatar tana rage haɗarin kamuwa. Rage ƙiba da yawan motsa jiki suna taimakawa. Wadda ake yi wa magani a asibiti tana buƙatar abinci mai gina jiki: zogale, wake, ƙwai, kifi, kunun gyaɗa, zuma in ba ta da ciwon suga. Ɗan shayin citta yana rage tashin zuciya. Amma duk wani jiƙo ko gari, har habbatus sauda, a nuna wa likita kafin a sha, don wasu itatuwan suna karo da allurar, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda. Kuma ku sani, ɗaya daga cikin manyan alluran da ake yi wa masu sankarar mama, asalinsa daga ɓawon wata bishiya aka samo shi a dazukan Amurka, aka tace, aka auna, aka gwada. Itace dai na Allah ne, awo da gwaji ne suka bambanta.

'Yan'uwana masu magani, in mace ta zo muku da ƙullutu, mafi girman taimakon da za ku yi mata shi ne ku ce je ki asibiti ki dawo mini da takarda. Kuɗin da za ku ci na wata shida kuna jiƙa mata saiwa, za a tambaye ku shi a gaban Allah tare da marayun da ta bari.

A tura wannan saƙo ga iyalai. Wanda matarsa ko mahaifiyarsa ba ta karatu, ya zauna ya karanta mata da bakinsa a daren yau.

Allah ya tsare mana iyayenmu mata da matanmu da 'ya'yanmu. Waɗanda ke fama da ciwon Allah ya ba su lafiya ya sa kaffara ne, waɗanda suka riga mu Allah ya jiƙansu da rahama. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.